FILIN KAYAN AIKI: A auna noti kafin a sayi injin kwance shi

Mota ta ɗauko albasa daga garka za ta kai Galmi. Ana tsakiyar daji taya ta fashe. Direba ya fiddo sifana, wadda wasu ke kira kile. Noti huɗu sun kwance, na biyar ya ƙi. Sai karen mota ya zura dogon bututun ƙarfe jikin sifana, ya hau bisa, ya yi ta tsalle. Ɗayan abu uku ne ke faruwa. Ko noti ya kwance, ko ƙusar da noti ke hawa ta karye, ko sifana ta zame ta ji wa yaro ciwo. Ga rana tana dukan albasa, ga babbar motar da za ta kwashi kaya ba ta jiran kowa.

Duk mai tsohuwar motar kasuwa ya san irin wannan rana. Shi ya sa in ya ga makanike ya ɗora wani ƙaramin inji bisa noti, ya ji karrr, noti ya faɗo, sai ransa ya biya. Yanzu ana samun ƙananan injunan nan masu batir a kantunan kayan aiki na manyan garuruwa. Akwai masu tsada, akwai masu araha, akwai na jabu. Filin kayan aiki na wannan wata zai duba wa ya kamata ya saya, da wane iri, da yadda za a gane shi kafin kuɗin albasa ko na wake su fita aljihu.

Yadda injin ke aiki

Siffarsa kamar ƙaramar bindiga ce mai kauri. Da Faransanci ana rubuta clé à chocs bisa kwalinsa. Cikinsa akwai ƙaramar guduma da uwar maƙera, kamar na maƙerin gari. Bambancin kawai, wannan guduma tana bugu ne a kewaye, ta inda noti ke juyawa. Tana bugu kamar sau 2000 zuwa 3000 cikin minti ɗaya. Bugun nan ne ke kakkaɓe tsatsa, ya motsa notin da ya ƙi jin ƙarfin hannu. Kuma da ya ke bugu ne gajere gajere, injin ba ya murɗe hannun mai riƙe da shi.

A Amurka aka fara ƙera shi cikin shekarun 1930, mai aiki da iska. Batir irin na wayar hannu ya shiga kasuwa a 1991 daga ƙasar Japan. Wajen 2005 ne aka soma sa irin wannan batir cikin kayan aikin hannu, har inji ya samu barin gareji ya bi mota daji.

Iri huɗu ne a ke gani. Na fari mai iska, wanda masu faci ke aiki da shi. Yana da ƙarfi, yana daɗewa, amma sai da tukunyar iska da injinta. Na biyu mai igiya, sai inda wutar Nijelek ta ke, ko janareto. Na uku ana jona shi da wutar mota, wurin da a ke kunna taba. Yana da araha, amma aikinsa sannu sannu ne, don fita kunya kan hanya kawai. Na huɗu shi ne mai batir, wanda a ke sawa ƙarƙashin kujera a tafi da shi ko'ina. Shi ne ya fi dacewa da mutumin karkara, kuma bisa kansa bayanin nan zai fi tsayawa.

Wa ke bukatarsa, wa ba ya bukata

Mai amalanken shanu ko na jaki yana da taya irin ta mota, gaskiya ne. Amma sau nawa ya ke cire ta cikin shekara? Sau ɗaya ko sau biyu. Sifana mai kai huɗu, wadda ta yi kamar mararraba, ta ishe shi. Batir kuwa ko ana aiki da shi ko ba a yi, tsufa ya ke yi.

Mai babur ma ya yi hattara. Notunan babur ƙanana ne, bugun inji yana iya tsinke su. Haka nan mai injin ban ruwa na garka. Jikin injin nan galibi alminiyam ne, irin ƙarfen tukwanen nan marasa nauyi. Ƙarfe ne mai laushi. In aka matsa masa, zaren da noti ke bi ya cinye, gyara ya koma babban aiki.

Waɗanda injin zai yi wa amfani su ne mai motar da ke bin kasuwanni duk mako, da mai faci na bakin hanya, da mai gyaran motarsa da kansa a ƙofar gida, da ƙungiyar manoma mai mota ko tarakta. Ko su ɗin ma akwai abin da ya riga inji. Tayar canji mai iska, da jak mai lafiya, da katako mai faɗi na ɗora jak bisa rairayi, da famfon hura taya, da sifana mai kai huɗu. Wanda bai cika waɗannan ba, ya fara da su. Inji ba ya ɗaga mota, ba ya hura taya.

Lamba ta fari: ƙarfin murɗa

Bisa kwali ko jikin inji akwai lamba mai haruffa Nm a gabanta. Ita ce awon ƙarfin murɗa. Ga yadda za a gane ta. A sa sifana mai tsawon rabin mita bisa noti, ta miƙe a kwance. A rataya jarkar ruwa mai lita 20 a bakinta. Ƙarfin da noti ke ji a lokacin kusan Nm 100 ne.

Notin tayar ƙaramar mota ana ɗaure shi ne wajen Nm 90 zuwa 120. Motocin daji masu ƙarfi wasu sun fi haka, littafin kowace mota yana faɗin nata. Manyan motocin kaya kuwa nasu yana kai Nm 500 zuwa 700. Amma kwancewa ta fi ɗaurewa neman ƙarfi, domin tsatsa da rairayi da zafin birki suna ƙara kama noti.

Saboda haka mai ƙaramar mota ko a-kori-kura ya nemi inji mai Nm 300 zuwa 400. Wanda bai kai 200 ba zai yi ta kuka bisa tsohon noti, noti bai motsa ba. Wanda ya wuce 1000 kuma nauyi ne da tsada da haɗarin karya ƙusa, aikin manyan motoci ne. Mai babbar mota kada ya yaudari kansa da ƙaramin inji, ba zai taɓa notinsa ba.

Wasu kwalaye suna ɗauke da lambar Nm guda biyu. Ƙaramar ita ce ƙarfin ɗaurewa, babbar ita ce ƙarfin kwancewa. Mai kanti ya fi son nuna babbar. In za a gwada inji biyu, a haɗa ƙarama da ƙarama, babba da babba.

Lamba ta biyu: girman baki

Bakin injin ƙarfe ne mai kusurwa huɗu. A kansa a ke sa ƙoƙon ƙarfen da ke rufe noti. Girman bakin ana rubuta shi 3/8, ko 1/2, ko 3/4, ko 1. Awon inci ne. Na tayar mota shi ne 1/2, wato rabin inci, kusan milimita 13. Na 3/8 don ƙananan ayyukan cikin inji ne. Na 3/4 da na 1 don manyan motoci ne.

Akwai wani inji mai kama da shi ƙwarai, har mutum ya kan ruɗe. Shi bakinsa rami ne ƙarami mai kusurwa shida. Aikinsa murɗa ƙusa cikin katako ko kwanon rufi, kayan kafinta ne. Ya fi araha, amma ba zai kwance tayar mota ba. A dubi baki kafin a dubi kuɗi.

Ƙoƙunan ma iri biyu ne. Akwai farare masu walƙiya, na aikin hannu. Akwai baƙaƙe masu kauri, su ne aka yi don bugun inji. Fari yana iya tsagewa, ɓaraguzai su tashi su sami ido. Ba sai an sayi akwati guda ba. Lamba 17 da 19 da 21 sun ishi yawancin ƙananan motoci. Motocin Toyota galibi 21 ne. Mai mota ya gwada notinsa tun daga gida, ya rubuta lambar bisa takarda, ya tafi da ita kasuwa.

Lamba ta uku: batir

Nan ne kuɗi su ke, nan ne kuma ha'inci ya fi yawa. Bisa batir akwai harafin V da haruffan Ah. V ƙarfin wuta ne. Ah yawan wutar da batir ke iya riƙewa ne, kamar girman randa.

Cikin batir akwai ƴan batura ƙanana masu kama da na tocila. Guda 5 a ke jerawa, kowane yana ba da V 3,6. Biyar sau 3,6 ya zama 18. In sun cika fal, kowane ya kan kai wajen 4, sai a samu 20. Shi ya sa wani kamfani ke rubuta 18V, wani ya rubuta 20V, alhali abu ɗaya ne. Kada a ƙara ko dala saboda wannan bambanci.

To amma a kan ga wasu masu araha an rubuta musu 48V, ko 88V, ko 128V, ga shi batirinsu girmansa ɗaya da na sauran. Wanda ya iya lissafin nan na sama ya san ƴan batura 5 ba su haifar 128. Lamba ce ta jan ido kawai. Wanda ya yi ƙarya bisa V kuwa, ba abin da zai hana shi yin ƙarya bisa Nm.

Batir mai Ah 2 ya isa canza taya kan hanya. Mai Ah 4 ko 5 shi ne na mai faci ko mai aikin yini. Galibi mai Ah 4 ƴan batura 10 ne cikinsa, don haka ya fi mai Ah 2 kauri da nauyi. In an rubuta babbar lamba amma aka ɗaga aka ji shi sakayau kamar gwangwanin da ba komi, a ajiye shi.

Galibi batirin wani kamfani ba ya shiga injin wani kamfani. Kafin a biya, a tambayi mai kanti ko yana sayar da batirin shi kaɗai, da nawa ne kuɗinsa. Batir ya kan riga inji mutuwa. Injin da ba a samun batirinsa a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, ranar da batir ya mutu ya zama abin wasan yara. A kuma tambaya ko kuɗin da aka faɗa har da batir da caja, domin wasu injunan tsirara a ke sayar da su.

Cajar ma a karanta bayanta. Wutar Nijar V 220 ce. Ta Amurka 120 ce. Kayan hannu na biyu da aka kawo daga can suna iya zuwa da caja mai 120 kaɗai. Da an jona ta nan sai ta ƙone. A nemi wadda aka rubuta 220 ko 230 ko 240 bisa kanta. Ƙauyen da babu wutar Nijelek, mai saye ya san inda zai yi caji tun kafin ya saya: ko wurin mai farantin hasken rana da na'urar juya wutarsa zuwa 220, ko cikin gari ranar kasuwa.

Babban abokin gaban batir shi ne zafi. Takardun kamfanoni galibi suna hana yin caji in zafi ya wuce digiri 40, ga shi kuwa bazarar Nijar tana wuce haka. A yi caji da sassafe ko da dare, cikin inuwa. In an gama aiki batir ya yi zafi, a bari ya huce tukuna. Kada a bar shi gaban gilashin mota cikin rana. Batirin da ya kumbura ko ya ke wari a daina aiki da shi, a fid da shi daga ɗaki da kusa da rumbu, domin yana iya kama wuta.

Gwaji a bakin kanti

Sai an gwada a kan san na ƙwarai. Mai saye ya tafi da motarsa har ƙofar kanti. Ya roƙi mai kaya ya kwance dukan notunan taya ɗaya a gabansa. In mai kaya ya yarda, inji ya yi aikin ba tare da ya tsaya ba, ba warin ƙuna, to an fara ganin haske. In ya ce a tafi gida a gwada, akwai magana.

A gwada madannin gaba da baya. A duba ko injin yana da matakan gudu biyu ko uku, domin ƙaramin mataki shi ke kiyaye noti. A tambaya ko mai gawayi ne ko maras gawayi. Gawayi wasu ƴan baƙaƙen abubuwa ne guda biyu cikin inji, suna cinyewa da aiki, ana canza su. Mai gawayi ya fi araha. Maras gawayi ya fi tsada, amma bai cika zafi ba, batirinsa ya fi jimawa.

Sunayen da aka sani a duniya akwai Makita ta Japan, da Bosch ta Jamus, da DeWalt da Milwaukee na Amurka. Akwai kuma masu sauƙin kuɗi da a ke ƙerawa a ƙasar Sin, irin su Ingco da Total, waɗanda suka yaɗu a Afirka ta Yamma. Masu jabu suna kwaikwayon launi da sunan manyan kamfanoni, wani lokaci su canza harafi ɗaya kawai. A karanta sunan harafi harafi. In kuɗin babban suna ya faɗi ƙasa ƙwarai, araha ba ta ado. A ji farashi wurin mutum uku, a kuma karɓi takardar saye mai kwanan wata da sunan kanti.

Inji ya kwance, hannu ya ɗaure

Wannan ita ce doka mafi girma, domin rayukan mutane ke bisa tayar nan. Inji ba ya jin lokacin da noti ya isa. In aka bar shi yana bugu, ƙusa tana miƙewa a ɓoye, ido ba ya gani. Ranar kasuwa, mota cike da mutane da buhuna da awaki, sai ƙusoshi su tsinke, taya ta bar mota.

Ga yadda a ke yi. A tsai da mota wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a sa duwatsu gaba da bayan sauran tayoyi. A ɗora jak bisa katako. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In an mai da taya, a fara murɗa kowane noti da yatsu, zagaye uku ko huɗu, don a tabbata ya hau zarensa daidai. Notin da ya hau a karkace, inji zai tura shi da ƙarfi ya lalata ƙusa. Sannan a kai shi kusa da ƙaramin gudu, da ya taɓa ƙarfe a saki madanni. Kada a bi notuna a jere. A ɗaure wannan, a tsallaka zuwa na gabansa, kamar mai zana tauraro. A sauke mota, a ƙarasa ɗauri da sifanar hannu.

Akwai sifana mai awo, wadda ke yin ƙas in an kai lambar da aka sa mata. Mai faci da ƙungiya ya kamata su mallake ta. Wanda ba shi da ita ya tuna da jarkar ruwa. Sifana mai rabin mita da ƙarfin hannu kamar na ɗaga jarka ɗaya ko ɗan fiye da haka ya isa. Mutum mai kilo 60 in ya hau bakin bututu mai mita ɗaya, ya ɗora wa noti kusan Nm 600, wato ninki biyar ko shida na abin da a ke so. Irin wannan ɗauri ne ke haifar notin da ke ƙi kwancewa a daji. Bayan tafiyar kilomita 50, kusan nisan Galmi zuwa Birnin Ƙwanni, a tsaya a sake taɓa kowane noti.

Wasu tsofaffin motocin kaya na Japan, notunan gefen hagu nasu baibai su ke kwancewa. A kan ga harafin L bisa kan ƙusar. Wanda bai lura ba zai yi ta ɗaurewa yana tsammanin kwancewa ya ke, har ƙusa ta karye. Kuma kada a taɓa sa inji bisa buji, ko bisa notin da a ke zubar da baƙin mai. Waɗannan aikin hannu ne. Mai aiki ya sa tabarau, ya naɗe hannun riga, ya kau da rawani daga bakin inji.

In kuɗi sun yi yawa

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Inji ba abin da a ke bukata kullum ba ne, don haka masu motoci na gari ɗaya suna iya haɗa kai. Ga lissafi don misali. A ce inji da batir da caja da ƙoƙuna uku sun tashi jikka 60. Mutum 6 kowa ya kawo jikka 10. A ajiye shi hannun mutum ɗaya mai amana. A buɗe littafi, a rubuta sunan wanda ya ɗauka, da ranar ɗauka, da ranar mayarwa. Duk wanda ya ɗauka ya zuba ɗan abu cikin asusu, don ranar da batir zai mutu a samu na sayen sabo. Inji ɗaya mai kyau na mutum 6 ya fi injuna 6 na jabu.

Mai niyyar saye ya rubuta waɗannan bisa takarda ya sa aljihu: baki 1/2, ƙarfi Nm 300 zuwa 400, batir 18V ko 20V, Ah 2 zuwa 4, caja 220, baƙin ƙoƙo mai lambar notin motarsa. Ya kuma bar tsohuwar sifanarsa cikin mota, domin batir yana iya ƙarewa a daji.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai duba jak da yadda a ke ɗaga mota bisa rairayi ba tare da haɗari ba.